Ranar da Teku Ya Zagayo ta Bayana

Tas! Wannan ƙarar ce ta fara komai. Kofin shayi ne na gilashi ya faɗo kan tayil ya tarwatse, ina kicin ina wanke shinkafa, a gidanmu na unguwar Shifa a Riyad. Na fito da hannu jiƙe na tarar da 'yata tsaye a tsakiyar fasassun gilashi, jini na bin yatsun ƙafarta, ita kuwa ba ƙafar take kallo ba, gindin kofin take kallo.

"Kada ki motsa, uwata!"

Sunan mahaifiyata aka sa mata, shi ya sa bakina ba ya kiran sunan. Na ɗauke ta cak na ɗora a kan kujera, na zare wani siririn gilashi daga ƙarƙashin babban yatsanta, ta ƙwalla ƙara, jini ya ɓata mini zane. Sai da na ɗaure wurin na tambaye ta me take yi da kofi tun da ba shayi aka dafa ba.

Da Larabci ta ba ni amsa. Haka take idan ranta ya ɓaci. A Riyad aka haife ta, Hausarta ta neman abinci ce da gaishe da baƙi. Ta ce malamarsu ta zo aji da wata babbar katantanwar teku, kowane yaro ya kara a kunne ya ji rugugin ruwa a ciki, kafin layi ya zo kanta aka buga ƙararrawa. Shi ne ta zo gida tana gwadawa da kofi.

"Umma, ke kin taɓa jin bahar?"

Teku take nufi. Na ce ban taɓa ba. Ta tagar jirgi kawai na hango shi ranar da muka zo ƙasar nan, kamar an shanya shuɗin zane.

Babanta yana kwance a falo, ya dawo daga tafiya, na ɗauka barci yake. Ashe yana ji. Tirela yake ja wa wani kamfani da ke da sito a unguwar Sulay, yau yana Dammam, gobe yana wani gari. Watanni kaɗan kafin nan na yi ɓari yana kan hanya. A ƙasan banɗaki abin ya same ni, maƙwabciyata 'yar Damagaram ce ta ɓalle ƙofa ta tarar da ni cikin jini ta kai ni asibiti. Tun daga lokacin na zama mai shiru. Ina girki, ina salla, ina wanki, amma idan na gama sai in zauna bakin taga in yi ta kallon bangon gidan da ke fuskantarmu. Bai taɓa ce mini komai ba, shi ba mai yawan magana ba ne. Sai ga shi bayan mako guda ya shigo da tikitin jirgi zuwa Jazan, mu uku. Wani abokin aikinsa ya ba shi labarin wani tsibiri, Farasan, da ake shiga jirgin ruwa a je.

Allah bai nufa mu tafi tare ba. Ana saura kwanaki kafilinsa, wato ubangidansa na aiki, ya janye hutun da ya ba shi, ya ce kaya sun taru. Igamar yarinya kuma, wato takardar izinin zamanta, ta ƙare, an kai sabuntawa ba ta fito ba, ba za a bar ta ta hau jirgi ba. Na ce to shi ke nan, a fasa.

"Ke ki tafi," in ji shi.

"Ni kaɗai, Malam? In ce wa mutane me?"

"Ki ce mijinki ne ya aike ki. Shekara nawa kina kallon bangon nan? Ya isa."

Maƙwabciyata ta ce za ta riƙe yarinya, har tana tsokanata, wai in ban so ba in ba ta tikitin ita ta je ta ga ruwan da ba na tanki ba. Amma wadda ta karya ni ita ce 'yar. Ta riƙe mini abaya da hannu biyu ta ce in kawo mata katantanwa babba, wadda ta fi ta malamarsu, kuma wadda na tsinta da hannuna, ba ta kanti ba.

"In sha Allahu, uwata."

"La! Ba in sha Allahun manya ba. Ki ce kin yi alkawari."

Na yi dariya, karo na farko cikin watanni, na ce na yi alkawari. Da na san kaɗan zai rage alkawarin nan ya mayar da ita marainiya, da na haɗiye shi.

Zafin Riyad busasshe ne, mun saba. Na Jazan kuwa da na sauko daga jirgi sai na ji kamar an mare ni da jiƙaƙƙen tsumma mai zafi. Jirgin ruwan ƙato ne, har motoci yake haɗiyewa. Na zauna ɓangaren mata. Muna yin nisa iska ta taso, jirgin ya riƙa ɗagawa yana dukan ruwa da ƙirji, duka ɗaya sai ka ji shi har cikin haƙoranka. Yara suna kuka, mata suna amai cikin leda. Wani filas na shayi ya suɓuce daga kan kujera ya gangaro ya bugi wata tsohuwa a ƙwauri, ta zage shi kamar mutum. Na riƙe ƙarfen kujera ina karanta duk addu'ar da na sani. A raina na ce, ashe wannan ne shuɗin zanen da na hango.

A masauki mai karɓar baƙi ya dube ni, ya dubi bayana yana jiran ya ga namiji, sai da ya kira maigidana a waya sannan ya ba ni mabuɗi. Shi ne kuma ya haɗa ni da wani dattijo mai tasi da zai zaga da ni.

Na ga abubuwa, ba zan ɓoye ba. Na ga tsofaffin gidajen 'yan kasuwar lu'ulu'u, ƙofofinsu da zane kamar na dagi a jikin soro, an gina su da dutsen teku. Na ga itatuwa tsaye cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje kamar yatsu. Na ga barewa ta tsallake titi a gabanmu, dattijon ya taka birki har goshina ya bugi kujera. Da yamma na tsaya a tagar ɗakina na ga rana tana faɗawa cikin ruwa, ja wur, ruwan duk ya rine kamar kwanon da aka tara jinin rago. Ban taɓa ganin faɗuwar rana babu gini a gabanta ba tun da na bar garinmu.

Washegari da safe dattijon ya ce na zo a sa'a. Akwai wani kifi da suke kira harid, sau ɗaya a shekara yake shigowa wani lungu mara zurfi, garke guda, kuma ranar ce. Ya kai ni ya ajiye ni inda mata suke tsaye a kan tudu.

Masunta sun riga sun kewaye kifin da raga, sun zuba rassan wata ciyawa a ciki don ya ɓuya. Maza sun yi layi a bakin ruwa, manya da samari, kowa da jakar raga a wuya. Wani ya ɗaga hannu ya yi ihu. Wallahi ban taɓa ganin mutane sun afka wa abu haka ba. Suka ruga gaba ɗaya, ruwa ya tashi fari, mutum yana taka mutum. Na ga wani ya faɗi, mutane suka bi ta kansa, ya ɗago yana haki aka sake danna shi. Na ga gwiwar hannun wani ta fasa wa wani gira, jini ya rufe masa ido, bai ko shafa ba, ya ci gaba da cusa kifi cikin riga. Biyu suka kama reshe ɗaya suna ja, suna zagin juna, suna dariya. Kifin kuwa kyakkyawa ne, kore da ruwan hoda kamar leshin amarya, ana fizgo shi ana buga kansa a dutse. Na ji hawaye ya zubo mini, ban san don mutumin da aka taka ba ne ko don kifin.

Kusa da ni akwai wata mata ƙatuwa, baƙa kamar ni, hannayenta kamar taɓarya. Muryarta ta fi ta kowa. Tana yi wa mijinta ihu daga tudu, tana ce masa rago, tana ce masa idan ya fito da jaka babu komai kada ya biyo ta gida. Ta ga ina share ido, ta dube ni sama da ƙasa, ta yi tsaki ta juya.

Duk yinin nan ina duba bakin ruwa ban sami abin da na zo nema ba. Katantanwar da ke kusa ƙanana ne ko fasassu. Gobe da safe jirgi zai mayar da ni. Bayan la'asar na ce wa dattijon ya kai ni inda ake ganin faɗuwar rana sosai. Ya kai ni wani bakin teku a yammacin tsibirin, ya ce zai je masallaci, zai dawo ya ɗauke ni bayan magariba.

Abin da na tarar ya ba ni mamaki. Tekun ya janye, ya tafi can nesa. Inda ya bari yashi ne jiƙaƙƙe, da 'yan tafkuna, da baƙaƙen duwatsu. Can gaba akwai wani farin tudun yashi shi kaɗai.

Ni 'yar bakin gulbi ce. A garinmu idan rani ya yi gulbi yakan ƙafe, mu bi ta cikinsa mu je kasuwar ƙetare, mu tona yashi mu ɗebi ruwa, yara su yi wasa har dare. Ba ya dawowa sai damina, kuma ba ya zuwa a ɓoye, sai ka ga hadari ya haɗu a gabas, ka ji tsawa. Abin da aka koya mini tun ina goye ke nan: kafin ka shiga gulbi, ɗaga kai ka dubi sama. To na ɗaga kai na duba. Garau take, ko gajimare ɗaya babu. Na cire takalmi na riƙe a hannu, na saɓa jakata da sallayata, na shiga.

Na yi nisa sai na haɗu da mata suna fitowa, kowace da bokiti, sun tsinci abin da suke tsinta a cikin duwatsu. Sauri suke yi. Daga can gefe na hango matar nan mai murya. Ta tsaya tana ɗaga mini hannu, tana ihu, tana nuna gaɓa. Iska ta kwashe maganar. Na ce a raina salla take tuna mini, Allah Ya saka mata. Na ɗaga sallayata sama na nuna mata, wato ni a can zan yi tawa. Na yi mata hannu na wuce.

A gindin tudun na same ta, rabinta a binne. Ta kai dunƙulen hannu biyu girma, bayanta da ƙahoni masu tsini, cikinta sumul ruwan hoda kamar cikin kunnen jariri. Na wanke ta na kara a kunne. Yana nan. Huuu, can ciki, kamar iska a cikin rijiya. Na zauna a kan yashi da ita a cinyata, na fuskanci rana.

Ban san yadda zan faɗi abin da na gani ba. Rana ta sauko ta yi girma, ta yi ja, ta taɓa ruwa, ruwan ya kama da wuta daga can har kusa da ƙafata. Tsuntsaye suna faɗowa daga sama kamar jifa suna cafke kifi. Babu bango, babu ƙarar na'urar sanyaya ɗaki, babu kowa. Na tuna ɗan da ban gani ba, na yi kukan da ban yi a asibiti ba, da murya, har ƙirjina ya buɗe. Da ranar ta nutse na ji kiran salla siriri daga tsibirin. Ina da alwala. Na shimfiɗa sallaya na fuskanci alƙibla, jan sama a hagu, gaɓa a dama, na ajiye katantanwa a gabana, na kabbara.

A sujadar raka'a ta biyu na ji sanyi a goshina, na ji gishiri a leɓe. Na ce wataƙila jiƙar yashi ce. Da na zauna tahiya ruwa ya shigo ƙarƙashin gwiwoyina, gefen sallaya ya ɗaga. Amma ban taɓa yanke salla ba a rayuwata, kuma raka'a ɗaya ta rage. Na miƙe na ƙarasa da sauri, Allah Ya yafe mini irin karatun da na yi. Na juya kai dama zan yi sallama.

Hanyar da na biyo babu ita. Tsakanina da gaɓa ruwa ne, baƙi, yana gudu kamar gulbi a tsakiyar damina. Ta bayana ya zagayo, ina can ina kallon rana. Fitilun gaɓa sun yi ƙanana. Takalmana sun tafi. Tudun da nake kai bai fi tabarma ba, kuma yana raguwa ina gani.

Na suri katantanwa na shiga. Ban iya iyo ba, a garinmu 'ya mace ba ta iyo. Ruwan ya kawo gwiwa, ya kawo cinya. Sai na taka dutsen. Murjani ne, shi ɗin da muke saye a ɗaura wa amare a wuya, a gidansa wuƙa ne. Ya tsaga mini tafin ƙafa, na ɗaga na taka da ɗayar, ita ma ya tsaga. Gishiri ya shiga, na yi ƙara. Kafin in tsaya daidai igiyar ruwa ta buge ni ta baya ta kifar da ni, gwiwoyina da haƙarƙarina suka daki dutse. Na taso, wata ta sake zuwa ta gefe ta mare ni a kunne. Jakata da waya suka tafi. Abayata ta sha ruwa ta yi nauyi, ta naɗe mini ƙafafu kamar an ɗaure akuya za a kai kasuwa. Mayafi ya manne mini a hanci da baki, ina jan numfashi ina jan ƙyalle. Na sha ruwa, na amayar, na sake sha. Ruwan ya kawo ƙirji, yana jana gefe, wajen da babu fitila.

Hannuna na dama yana damƙe da katantanwa. Ƙahoninta sun shige mini cikin tafi, ina jin su, amma ban saki ba. Abin da ya zo mini a rai ba babba ba ne. Cewa na yi, wa zai yi wa yarinyar nan kitso? Ba ta yarda kowa ya taɓa mata kai sai ni. Sai na fara kalmar shahada, ruwa yana yanke mini ita a tsakiya.

Wani abu ya shaƙe ni ta wuya ya ɗaga ni sama.

"Ya majnuna! Mahaukaciya! 'Yar mahaukata!"

Matar nan mai murya ce. Ta shigo da rigar cikinta kawai, ruwan yana dukanta a ƙirji tana tsaye kamar itacen kuka. Ta fizge mayafin daga fuskata ta yar. Ta kama wuyan abayata da hannu biyu za ta yage. Na hango fitilar motoci a gaɓa, na hango inuwar maza, na riƙe abayar da hannun hagu.

"A'a! Akwai maza!"

Ta ɗauke ni da mari, sai da na ga wuta.

"Maza? Mai wankan gawa ma tuɓe ki za ta yi! Saki!"

Ta keta ta tun daga wuya har ƙasa, ta tattake ta da ƙafa ta zare ni daga ciki. Nan take na ji na yi sauƙi kamar an sauke mini buhu. Ta juya mini baya ta ce in riƙe rigarta da hannu biyu, in taka inda ta taka. Na riƙe da ɗaya. Muka yi 'yan taku, igiya ta zo ta fizge ni, na suɓuce. Ta cafko ni ta gashi. Sai ta ga abin da ke hannuna.

"Mene ne wannan? Yar da shi!"

"Na 'yata ne!"

Ta dunƙule hannu ta buga mini a wuyan hannu, ta sake bugawa. Ban saki ba. Muna cikin wannan kokawa wata babbar igiya ta zo ta kwashe mu duka biyu. Na ji jikinta ya faɗo kaina, na ji kanta ya bugi dutse, ƙum. Na ce shi ke nan, na kashe baiwar Allah. Sai ta taso tana tari, jini na zuba daga goshinta yana shiga idonta. Ta kamo hannuna ta kai baki ta gantsara mini cizo a gindin babban yatsa, har sai da na ji haƙorinta a ƙashi. Yatsuna suka buɗe da kansu. Ko ƙarar faɗuwar katantanwar ban ji ba.

A lokacin, Allah Ya sani, ji na yi kamar in rama. Amma na kama rigarta da hannu biyu. Ta ja ni, tana zagina, tana salati, tana zagin teku, inda na faɗi ta ja ni a kan gwiwa, dutse yana yankata, har na ji yashi mai laushi a ƙarƙashina.

Ta kifar da ni ta riƙa dukan bayana da tafin hannu, ruwa yana fita ta baki ta hanci. Maza suka rugo da fitilu, dattijon mai tasi a gaba yana salati. Ta miƙe ta tare su.

"Ku juya baya, marasa kunya! Me kuke kallo? Kai, miƙo abayata can!"

Suka juya kamar yara. Ta lulluɓe ni da abayarta da ta bari a gaɓa, ita ta tsaya da jiƙaƙƙiyar riga. Bokitinta yana gefe a kife, duk abin da ta yini tana tsinta ya zube, ruwa ya kwashe.

"Daga ina kike?"

"Riyad."

"Na sani! Wallahi na sani! Mutanen rairayi! Kafin Riyad fa?"

Na faɗa mata. Na ce a garinmu ruwa ba ya dawowa sai an ga hadari. Ta buɗe baki tana kallona, sannan ta juya ta faɗa wa matan da suka taru, suka yi ta tafa hannu. Ta ce teku kullum sai ya tafi ya dawo, ko jaririn tsibirin nan ya sani. Sai a lokacin na tuna malaminmu na jogirafi a sakandare, yana zana farin wata a allo yana cewa shi ke jan ruwan teku. Na haddace, na rubuta a jarrabawa, na ci. Ban taɓa ɗauka ruwan da zan taka da ƙafata ake nufi ba.

Ta tsuguna ta kama hannun da ta ciza tana dubawa. Na ba ta labarin kofi da alkawari, da Larabcina na kasuwa. Na ɗauka tausayi ya kama ta. Sai ta dungure mini kai.

"In kin mutu katantanwar ce za ta yi mata tuwo? Jaka kawai."

Ta shafa mini fuska da hannunta mai kaushi, ta tashi ta tafi tana dafe da goshi. Ban san sunanta ba. Har yau ba na sallame salla ban sa ta a addu'a ba, kuma abayarta tana cikin akwatina.

A asibitin tsibirin aka ce dole a fitar da ɓurɓushin dutsen daga raunukan, in ba haka ba za su ruɓe. Da buroshi aka goge su. Ma'aikaciya ɗaya ta danne mini ƙafa, ɗaya tana gogewa, ni ina cizon matashi. Aka ɗinke tafin ƙafa ɗaya da tafin hannu. Likita ya ce ruwa ya shiga ƙirjina, zan yi ta tari, in je asibiti idan na koma. A keken marasa lafiya aka shigar da ni jirgin ruwa. A tashar na ga wani yana sayar da katantanwa a kan tebur, an shafa musu mai suna ƙyalli. Na kau da kai.

Maigidana ya zo filin jirgi da motar aro. Ya dubi ƙafafuna, ya dubi hannuna, ya dubi shatin yatsu a kumatuna. Muka shiga mota muka hau babban titi. Sai ya dunƙule hannu ya daki sitiyari, ya sake duka, har motar ta yi ƙaho.

"Ni na tura ki," ya ce.

"Malam, kai ka tura ni in ga rana, kuma na gan ta."

Ya gyara riƙon sitiyari, muka nufi gida.

'Yata tana bakin ƙofar maƙwabciya tana jira. Ta rugo, ta ga bandeji, ta tsaya. Sannan ta dubi hannayena, ta leƙa bayana, ta dubi babanta ko shi ya riƙo. Na tsuguna da ƙyar na ce mata na samu, babba, ta fi ta malamarsu, na ji teku a ciki da kunnena, amma ruwa ya karɓe abinsa. Ta shige ɗaki ta rufe ƙofa, ta ƙi cin abincin rana.

Bayan la'asar ina kwance a falo, tari ya taso mini, irin mai tsaga haƙarƙari. Da ya lafa numfashina ya riƙa fita da ƙara, kurr, kurr, kamar ana jan ruwa a kan tsakuwa. Na ji an buɗe ƙofa. Ta zo a hankali, tana ɗan ɗingishi da ƙafar da gilashi ya yanka, ta hau kujerar, ta kwantar da kanta a ƙirjina. Na buɗe baki zan ba ta haƙuri, ta sa hannu ta rufe mini shi. Ta daɗe a haka, kunnenta manne da ni. Sannan ta yi magana, kuma da Hausa.

"Umma, yi shiru mana. Ga shi nan. Bahar ɗin yana cikinki, ina jin sa."